Yadda Ake Aron Katin Ko-ta-kwana a Masana'antar Sabulu Ba Wanda Ya Sani

Ɗan'uwa ma'aikacin lantarki, matso kusa. Idan ka taɓa ƙona kaya a wurin aiki, ka tsaya kana kallon hayaƙi gabanka na faɗuwa, to wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya babu wanda zai sani, ko Injiniya, ko Manaja, ko mai sito. Har yabo za ka sha. An gwada hanyar, ta yi aiki. Wanda ya gwada ta wani ma'aikaci ne a masana'antar sabulu, ana ce masa Shaf-Shaf, saboda kafin ka gama faɗa masa abin da ya lalace ya riga ya ɗaure sukurori ya yi gaba. Da shi za mu riƙa misali. A kusa da ƙarshe ne kawai ya ba ni kunya, kuma zan nuna maka wurin don kada ka faɗa.

Mataki na 1: Ka san abin da za ka ɗauka

A tsakiyar masana'antar akwai tukunyar dafa sabulu, ƙatuwar gaske, sai an hau tsani ake leƙa cikinta. Tururi ne ke dafa ta. A gefenta akwai wani ɗaki mai sanyi, a ciki da kabad na ƙarfe mai ƙofar gilashi, cike da katunan lantarki a jere.

Iri biyu ne suka shafe ka. Na farko ma'aikata na ce masa kunne, don shi ke sauraron ma'aunin zafin tukunya. Ma'aunin ba cewa yake "da zafi" ko "ba zafi" ba. 'Yar wuta yake turowa ta waya, in zafi ya ƙaru ta ƙaru, in ya ragu ta ragu, kunne ya faɗa wa kwamfuta. Na biyu ana ce masa hannu. Kwamfuta ta gama lissafinta, shi kuma ya tura tasa 'yar wutar zuwa bawul ɗin tururi, ya buɗe shi kaɗan, ko rabi, ko ya ɗan ƙara, daidai yadda sabulu ke so.

To kowane katin tukunya yana da ɗan'uwa a gefensa, kamarsu ɗaya, wayarsu ɗaya. Wannan shi ne na ko-ta-kwana. Yana ganin komai, ba ya cewa komai. Ran da na farko ya mutu sai ya karɓi aiki nan take, bawul ko motsi ba zai yi ba. Abin da masu tsara kayan ke taƙama da shi ke nan: ɗaya ya faɗi, ɗaya ya ɗauka, kowa na shan shayinsa bai sani ba.

In kuwa hannu ya mutu babu ɗan'uwa, bawul zai rufe kansa, tururi ya ɗauke, sabulu ya daskare a tukunya da cikin bututu, sai an sa guduma da diga. Kada ka zurfafa tunani a kan wannan. Ka dubi ɗan'uwan kawai yadda yake zaune yana shan sanyi, shekara da shekaru bai tsinana komai ba. Ni a ilimina, abin da ba ya aiki ba a cewa ya ɓata.

Mataki na 2: Ka ƙona naka katin, sannan ka guji sito

Ba a aron kati haka kawai, sai da dalili. Shaf-Shaf ya samu nasa ranar da yake haɗa wayoyin layin turare, wato ƙaramin famfon da ke ɗiga ƙamshi cikin sabulu. Shi ma katin hannu ne ke juya shi, irin na tukunya sak, sai dai shi ba a yi masa ɗan'uwa ba, don sabulu mara ƙamshi bai taɓa tsayar da masana'anta ba.

Yana cikin aiki matarsa ta kira. Ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, hannu na ci gaba da ɗauri. Daga asibiti take, an tabbatar mata tana da ciki, na fari, bayan sun daɗe suna jira har dangi sun fara kawo shawarwarin da ba a tambaye su ba.

"Ki ji ni da kyau," in ji shi cike da murna. "Ranar haihuwa ni zan kai ki da kaina. Ni zan tsaya a bakin ƙofa. Ko masana'antar nan ta kama da wuta."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

A daidai kalmar nan ya cusa babbar wayar wuta a ramin ƙaramar. Kati ya ce fat, wari ya tashi.

Yanzu ka natsu. Akwai sabon kati a sito, yana nan a ajiye cikin ledarsa. Amma mai sito ba ta ba da sabo sai an kawo mata gawar tsohon, ta juya shi, ta sunsuna, ta ce, "Wa ya kashe shi?" Daga nan sai gaban Injiniya, shugabar sashen. Ita ba ta faɗa, da ma faɗan take yi da ya fi sauƙi. Sauke tabarau take, ta ce, "Yaya aka yi?" sannan ta yi shiru ta jira. Shaf-Shaf kuwa bai daɗe da karɓar makullin kabad daga hannunta ba, bayan dogon zamani yana canza ƙwan fitila a banɗaki. Ga ciki a gida. Wa zai je ya ce ya ƙona kati yana hira a waya? Kai ma kada ka je.

Mataki na 3: Ka sa masa suna aro

Ka jira lokacin cin abinci. Ka buɗe kabad, ka zare ɗan'uwan hannun tukunya, ka kai shi layin turare. Gawar kuma ka soka ta a gurbinsa don kada a ga rami.

Kana yi kana gaya wa kanka, "Zuwa ƙarshen mako zan mayar." Wannan jimla tana da amfani ƙwarai, domin kowane mako yana da ƙarshe, ba za ta taɓa tsufa ba.

Mataki na 4: Ka gyara fitila, ka gyara Kawu

Kati mai rai yana da 'yar fitila kore a goshi. Mataccen ba shi da ita, kuma duk mai wucewa yana iya gani ta gilashi. Shaf-Shaf ya duba hagu ya duba dama, sai ya lura ledar da ake naɗe sabulun masana'antar kore ce mai ƙyalli. Ya yanki ɗan mitsitsi ya manna a goshin gawar. Hasken fitilar maƙwabcinsa na dukan ledar, tana sheƙi kamar ta fi kowa lafiya. Ka ga amfanin ƙaunar kayan kamfaninku.

Saura kwamfuta, wadda ba ta da kara. Tana jin an zare kati ta rubuta a allo cewa hannu ya rasa ɗan'uwa, ta hau ƙara. Mai zama gaban allon wani dattijo ne da kowa ke ce wa Kawu. Allon nan kullum cikin ƙorafi yake, ƙofa a buɗe, fanka ta yi zafi, tanki ya kusa cika, har Kawu ya saba danna maɓallin shiru ba tare da ya ajiye kofinsa ba. Amma wannan karon sai da ya ɗaga kai.

"Kai yaro, me wannan ke cewa? Ban saba ganinsa ba."

"Ƙaryar kwamfuta ce, Kawu. Leƙa ka gani, ai ga fitila nan kore."

Kawu ya leƙa daga inda yake zaune, ya ga kore. "Shegiyar aba, ta cika surutu. Rufe mata baki."

Ka lura ba kai ka ce a rufe ba, babba ne ya sa ka. Ka shiga ka ɓoye saƙon, ka ce, "An gama, Kawu."

Mataki na 5: Kada ka bari kowa ya gwada

Injiniya tana da wata muguwar ɗabi'a. Lokaci-lokaci, ana tsakiyar dahuwa, sai ta buɗe kabad ta zare katin da ke aiki da gangan, don ta ga ɗan'uwan ya karɓa. Wai ita ba ta yarda da na ko-ta-kwana sai ta ga ya tashi. Ka ji mace da neman rigima.

Maganinta ladabi. Da ka ga ta nufo ɗakin, ka tare ta a ƙofa. "Haba, ranki ya daɗe, wannan ɗan aikin ai bai kai ki taso ba. Me aka ajiye mu mu yi?" Ka shiga ka zare kunne, wanda ɗan'uwansa na nan daram, ka yi shi da ƙara yadda za ta ji daga waje. Ka mayar. In an zo kan hannu, ka yi tari, ka buga ƙofar kabad, ka fito kana goge hannu. Shaf-Shaf ya yi haka, Injiniya ta dube shi ta ce, "Ka fara hankali." Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi, amma daɗin ya fi yawa.

Manaja ya fi haɗari, don shi bai san komai ba kuma yana son taɓa komai. Duk ran da ya kawo baƙi, nan yake kai su ya yi musu wasan zare kati. Wata rana ya shigo da wasu masu sayen sabulu, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ku kalla da kyau. Zan cire wannan, kuma babu abin da zai faru." Yatsunsa na kan hannun tukunya.

Shaf-Shaf ya yi wuf ya matso. Ya kama wuyan hannun Manaja a hankali ya matsar da shi gefe. "Ranka ya daɗe, wannan na kusa da shi ya fi kyau a hoto. Haske ya fi dukansa."

Manaja ya gyara tsayuwa, ya zare kunne, ya yi murmushi, baƙi suka tafa. Shaf-Shaf ya je bayan kabad ya jingina da bango har numfashinsa ya dawo.

Mataki na 6: Ka zama kai ne ɗan'uwan

Da ka kwanta za ka tuna cewa katin da ke aiki shi ma ba dutse ba ne, yana iya mutuwa. Kada ka firgita, akwai dabara. A gefen bawul ɗin da kati ke juyawa akwai tsohon bawul mai sitiyari, na murɗawa da hannu, tun na zamanin da babu kwamfuta. In kati ya mutu, mutum mai sauri zai iya rugawa ya buɗe shi kafin sabulu ya huce. Sharaɗin kawai, mutumin ya kasance yana kusa.

Saboda haka ka ɗauko kujerarka ka dasa ta tsakanin ɗakin kabad da sitiyarin. Wurin yana da zafi, bututun tururi na wucewa ta saman kai, amma jiki yakan saba. Nan za ka ci abinci. In za ka zaga, ka tafi da gudu ka dawo da gudu. An yi sa'a da yamma ake kashe tukunya, sai dai kowace safiya ana hura ta, har ranar hutu, don haka kai da hutu kun yi sallama.

Ga ribar abin. Kafin a jima aka fara cewa ba a taɓa ganin ma'aikaci irin Shaf-Shaf ba. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya, ko wurin cin abinci ba ya leƙawa. Manaja ya sa aka liƙa hotonsa a bakin ƙofa, aka rubuta gwarzon ma'aikata a ƙasa. A hoton ya rame, idanunsa sun faɗa, amma kowa ya ce alamar himma ce.

Mataki na 7: Ka tanadi amsoshin gida

Matar za ta fara tambaya, ka shirya. Ta Shaf-Shaf tela ce, a falo take ɗinkinta, kuma ba ta da yawan magana sai ta tara.

"Gobe ranar awo ce. Za ka raka ni?"

"Gobe akwai babban aiki."

"Wancan karon ma haka ka ce."

"Shi ne bai ƙare ba."

Amsar "babban aiki" tana da kyau, amma ka riƙa juya ta: baƙi za su zo, Injiniya ta dogara da ni, bari a wuce wannan watan. Ya rasa awo, ya rasa ranar sayen gadon jariri, ranar da ƙafafunta suka kumbura ta kasa taka keken ɗinki yana can gaban sitiyari yana gumi. Kowace yamma yana dawowa da sabulu a leda. Gidan ya cika da sabulu har ta fara rabawa maƙwabta.

Wata rana ta tsayar da keke ta ce, "Maigida, maganar ranar tana nan?"

"Wace magana kike yi haka? Ai na yi alkawari."

Ta dube shi ta ce, "To," ta ci gaba da ɗinki. Daga ranar ba ta ƙara tambaya ba. In ka kai wannan matsayi ka gode wa Allah, ka samu sauƙi.

Injiniya da kanta ta kira shi ta ce ta ji matarsa ta kusa, ya ɗauki hutu. Ya ce ina, shi aiki ne hutunsa. Ta sauke tabarau ta dube shi.

Mataki na 8: In waya ta yi ƙara, ka bar ta ta yi

Nan ne ɗalibina ya watsa mini ƙasa a ido, don haka ka buɗe kunne.

Da hantsi ne, tukunya ta cika tana tafasa. Tun safe fitilar hannun da ke aiki take ƙyaftawa, kore, ruwan ɗorawa, kore, alamar ya gaji. Shaf-Shaf na tsaye da hannu ɗaya a kan sitiyari sai waya ta yi ƙara. Matarsa ce, numfashinta sama-sama. "Abin ya zo," in ji ta. Ta kashe.

Hanya biyu ce a gabanka, duka masu kyau. Ko ka kashe waya ka zauna, gobe ka ce babu sabis. Ko ka sulale ka tafi, in sabulu ya daskare ka dawo ka taya kowa mamaki, ka ce kaya ne na zamani, ba su da amana. Kawu ne ke gaban allo, shi za a fara tambaya.

Shaf-Shaf ya dubi ƙofar fita, ya dubi Kawu ta gilashi yana hura shayinsa hankali kwance. Sai kawai ya saki sitiyari ya hau bene zuwa ofishin Injiniya, ko sallama bai yi da kyau ba.

"Ranki ya daɗe, hannun tukunya ba shi da ɗan'uwa. Mataccen kati ne a gurbin. Ni na sa."

Ta sauke tabarau. "Fitilar fa?"

"Leda ce."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ce matata na da ciki."

"Yanzu cikin wata nawa ne?"

"Naƙuda take yi."

Injiniya ta tashi. Ta sauka sito, ta karɓi kati a ledarsa, ta wuce kabad yana biye da ita. Ta zare gawar, ta soka sabon, fitila ta kama, kore ta gaske. Sannan ta zare wanda ke ƙyaftawa, ta tsaya tana kallon allon Kawu. Layin da ke nuna zafi a allon ko girgiza bai yi ba. Duk aikin bai kai shayin Kawu ya huce ba, Shaf-Shaf na tsaye yana kallo kamar ya yi kuka.

Ta miƙa masa tafin hannu. "Makullin."

Ya ciro ya ba ta.

"Tafi wajen matarka. In ka dawo, akwai ƙwayayen fitila da suka mutu a banɗaki."

Mataki na 9: In ka makara, ka shiga da fara'a

Hanya ta cushe, sai bayan azahar ya isa asibiti a guje, da rigar aiki, yana warin turare. A bakin ƙofar ɗakin haihuwa, a daidai wurin da ya ce zai tsaya, yayar matarsa ce zaune da kwando a gabanta. Mijinta, direban tasi, yana gefe yana kiran 'yan'uwa yana ba da labari.

"A'a, ka samu fitowa?" in ji Yaya, ba tare da wani haushi ba. "Barka. Mace ce. Shiga, sun farka."

Ya shiga. Matar na kwance da jaririya a gefenta, an yi mata wanka, an naɗe ta, komai tsaf. Ya fara bayani, bakinsa na harɗewa, kati, Injiniya, hanya ta cushe.

"Kada ka damu," in ji ta a hankali. "Tun watan jiya na yi magana da Yaya. Jakata tana gidanta, mijinta kuma ba ya nisa da unguwa da mota. Ina kashe wayarka na kira su."

"Amma ai na ce zan zo."

"Ka ce." Ta gyara wa jaririyar hula. "Ba a sha wata wahala ba, wallahi. Ma'aikaciyar jinya ma ta ɗauka mijin Yaya ne uban, shi ta fara yi wa barka."

Ya tsaya riƙe da ƙarfen gado. Ya so a ce an yi masa faɗa, ko a ce an neme shi an rasa an shiga damuwa. Babu ko ɗaya. Yaya ta leƙo ta ce ya ɗan matsa za ta wuce da ruwan zafi, ya matsa.

Ni dai a matsayina na masani, ban taɓa ganin tsari mai kyau irin na matar nan ba.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In sabulu ya daskare, gudumarka ce. In an karɓe makulli, aljihunka ne ya yi sauƙi. Ban san ka ba, ban taɓa shiga masana'antarku ba, kuma in aka kira ni shaida zan ce ni mai sayar da leda ne. In kuwa ka koma gida ka tarar komai na tafiya daidai ba tare da kai ba, kada ka kira ni, ban da mataki na goma. Ka wanke hannu, ka nemi izini, wataƙila a ba ka jaririyar ka riƙe.